Talabijin ce ke korar 'yan kallo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. An yi ta kukan 'yan kallo sun ja baya daga filayen wasan American football, wato ƙwallon nan mai kama da zari-ruga, na jami'o'in Amurka. Ni gidajen talabijin nake ɗora wa laifi. Su ke yanke lokacin wasa, wani sa'in sai saura kwana 12, ko ma 6, a sanar. Mai iyali da zai yi tuƙin awa huɗu, yaya zai shirya?

Na kai ɗana sau ɗaya. Tikiti da kuɗin ajiye mota suka cinye aljihuna, muka zauna kan benci cikin sanyi fiye da awa uku, 'yan wasa na tsaye ana jiran talla ta ƙare. Yaron ya ce mu koma gida. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Naka,
Wani mai karatu daga Ohio