Abba, kafin ka biya kuɗin gidan nan na cikin birni

Assalamu alaikum Abba, ya aiki, ya maiɗakinka da yaran. Mamanka ta faɗa min maganar gidan da ka gani wajen Yakasai, kuma naji daɗi sosai, dan mutum ya bar haya ya koma kusa da dangi da masallacin da ya taso a ciki ba ƙaramin abu bane. Amma dan Allah kar ka bada ko sisi tukunna.

Tsohon gida a cikin birni kusan kullum gidan gado ne, toh wanda ya kawo maka tallan shi kaɗai ne magaji? Ka tambaya su nawa ne, akwai mata da suke gidan aure a wani gari, akwai marayun da ubansu ya rasu kafin a raba, duk sai kaga takardar rabon gado daga kotu, kowa yasa hannu gaban mai unguwa da shaidu. In kason mutum ɗaya ka siya alhali ba a raba ba, a mazhabar Malikiyya sauran magada suna da haƙƙin shufa'a, zasu iya mayar maka da kuɗinka su karɓe, kai kuma ka riga ka zuba siminti. Sannan kaje KANGIS, hukumar da take riƙe da bayanan filaye a Kano, a duba maka ko akwai takarda akan filin, dan dokar filaye ta 1978 tace in gida yana da satifiket sai da amincewar gwamna ake canja suna. Bashin wuta da na ruwa ma ka bincika.

Sai ginin kansa. Kar fenti ya ruɗe ka, yawancin gidajen nan ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, kuma siminti baya kama ƙasa, ruwa ne yake shiga bayansa yana cin tubali a ɓoye. Ka ƙwanƙwasa bangon da bayan hannu tun daga ƙasa, inda kaji yana amsawa kamar ganga toh ciki ya rabu. Ka ɗaga kai ka kalli azara a soro, ka soka wuƙa a bakinta inda ta shiga bango, in tana zubo gari ta gama aiki. Ka hau sama kaga indararo ina yake zubar da ruwa, gindin katangarka ko ta maƙwabci, dan rigimar da ake yi akan wannan ba kaɗan bace. Shadda kuma ka auna tsakaninta da rijiya, yaranka ne zasu sha ruwan.

Ni da zaka ji tawa, ka bari sai watan Agusta ka je ana tsaka da ruwa ka tsaya a tsakar gidan, wasu unguwannin akan kududdufin da aka cike suke zaune.

Kuɗin gyara ma mutane suna manta lungu. Tifa bata shiga, a bakin titi za a juye yashi da bulo, yara su kwaso da baro, ɓaraguzan da ka rushe ma haka za a fitar, kowane sawu kuɗi ne. Duk abinda magini ya yanka maka ka ajiye ƙari a gefe, kuma ka fara da rufi da magudanar ruwa, tayil da silin su jira. In zaka ɗora bene sai da izinin hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, da injiniya, kar birkila yace maka tsohon harsashi zai ɗauka.

Zauren nan kuma ina roƙonka kar ka rushe shi kayi shago, nan zaka karɓi baƙinka, kuma ginin ƙasa mai kauri yafi bulo sanyi lokacin zafi nesa ba kusa ba.

Ran Asabar in Allah ya kaimu zan shigo da maginin da ya gyara mana soro mu duba tare, ka sanar da masu gidan. Ka gaida min jikokina. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.

Babanka