Inshorar motar gida ba ta haya ba ce

Malam Edita,

Tun da 'yan sanda suka fara kamen marasa inshora a Fabrairun 2025, direbobinmu na Sakkwato masu ɗaukar fasinja ta manhajar waya suka ruga yankar takardar inshora ta naira 15,000. Sai dai wannan ta motar gida ce. Muddin da fasinjan kuɗi a ciki aka yi hatsari, kamfanin inshora na iya ƙin biya. Ko ya biya, wanda aka buge ne zai samu. Direba kuwa, shi da bakanike.

Na ga wani a bakin Babbar Kasuwa yana nuna tasa takardar cikin leda, hankalinsa kwance.

Ina roƙon hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta yi bayani da Hausa a rediyo, masu manhaja kuma su daina karɓar motar da ba ta da inshorar haya.

Naku,
Wani mai karatu, Sakkwato