Wasiƙa Daga Zariya: Sana'ar Jaka da Makirfo

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyin Manchesta? Mu ma nan hunturu ya buɗe, hazo ya rufe gari tun makon jiya, har ba ka iya hango Kufena daga bakin titi. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Tambayar da ka yi mini ba ta saƙon waya ba ce, shi ya sa na bari sai yau da na samu zama.

Ka ce ka ga hotona a kan babur da jaka a baya da ƙarafa ɗaure a gefe, kana tambaya ko na bar aikin sitidiyo ne. E, na bari, shekara biyu ke nan da 'yan watanni. Yanzu ni nake bin masu murya har inda suke: makarantu, tsangayu, zauruka, gidajen makaɗa. In naɗi sautinsu a wurinsu, in dawo gida in gyara a kwamfuta, in mai da musu.

Abin da ya jawo haka kuwa, wata malamar Islamiyya ce ta zo mana sitidiyo a Kano, lokacin ina can, da ɗalibai kusan arba'in a motar haya biyu, suna son a naɗar musu waƙar makarantarsu. Ka san ɗakin naɗinmu, mutum shida in sun shiga sai numfashi ya yi wuya. Muka riƙa shigar da su shida-shida. Yaran da na ji suna rera waƙar a bakin ƙofa da murya kamar za ta tsaga bango, da aka rufe su cikin ɗaki mai soso, aka sa musu abin sauraro a kunne, sai kowa ya daskare. Murya ta shaƙe, wata har da kuka. Muka haɗa abin da muka samu, aka biya, aka tafi, amma raina bai kwanta ba. Ranar Asabar na ari rikoda na tafi makarantar da kaina. Suka tsaya a layinsu na kullum, ƙarƙashin darbejiyar da suke taruwa, malamarsu a gabansu. Ɗauka biyu kawai muka yi. Da na saurara da daddare na san cewa shekara bakwai ina aiki a inda bai kamata ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Rikoda ce Zoom H6, wadda take karɓar makirfo huɗu ta waya ban da biyun da ke kanta. Sai makirfo guda biyar, ƙafafun tsayar da su, wayoyi, batura masu caji, da abin sauraro mai rufe kunne ruf. Duka a batir nake aiki, ba na jona komai a bango. Wutar ƙasarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in wayoyin gini ba su da kyau, wannan kaɗawar tana shiga cikin naɗi ta zama wani gurnani a ƙasan murya wanda cire shi sai ya ci wani abu daga muryar. Janareta kuwa shi ne babban abokin gaba. Ƙa'idar ita ce, a fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da abu mai ƙara, ƙarar tana raguwa da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. To amma a makarantar da filinta bai fi taku talatin ba, ina za ka kai shi? Sai dai a roƙi arziki a kashe na awa ɗaya. Fanka ma haka. A bazara wannan roƙon yana da nauyi, yara na zufa, malamai na fifita da littafi, amma fanka ɗaya tana iya lalata aikin yini.

Abin da na fi koya a shekarun nan biyu shi ne sauraron ɗaki. Ina shiga aji, kafin in kwance jaka, sai in tsaya a tsakiya in tafa hannu sau ɗaya. In na ji tafin ya yi ta yawo yana dawowa, na san akwai aiki. Ajin bulo mai daɓen siminti da rufin kwano ba silin, shi ne mafi wahala: amsa-kuwwa ta cika shi, in rana ta taka kwanon ya riƙa ƙas-ƙas yana miƙewa, in tsuntsu ya sauka sai ka ji kamar an jefa dutse. Maganinsa tabarmi da darduma da barguna. Mu shimfiɗa wasu, mu rataye wasu a tagogi da bangon baya. Yara suna son wannan ɓangaren, kowa ya ruga gida ya ɗauko bargon uwarsa.

Amma ka san inda sauti ya fi daɗi a duk wuraren da na shiga? Zauren ƙasa. Irin na cikin birni, mai katanga kauri da rufin azara. Bangon ƙasa ba sumul yake ba, yana shanye wani sautin yana watsa wani, sai murya ta fito da ɗumi, ba ta bushe ba kuma ba ta yi ƙara ba. Sosan da muka saya da tsada muka manna a sitidiyo, abin da muke nema da shi ke nan, ashe magina sun riga mu. Duk sanda na ji an rushe wani tsohon zaure an kafa shago, sai in ji abin har cikin ƙirjina.

Lokaci ma sai an zaɓa. Daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe takwas, kafin babura su fito, kafin mai injin markaɗe ya tayar. Ko kuma bayan isha. Ina riƙe da lokutan salla a kai, minti biyar kafin kira nake tsayar da komai, don lasifikan unguwa ba sa farawa tare, wannan na gamawa wancan na ɗauka.

Bari in ba ka labarin wata yarinya, don ita ce ta sa na daina jin kunyar a ce mini mai yawo da jaka. Shekarunta ba su fi goma sha uku ba, tana shirin musabaƙa a matakin izu ashirin. Ka san yadda musabaƙar nan ta kafu tun da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shirya ta ƙasa a 1986. Yanzu daga ƙaramar hukuma ake tacewa zuwa jiha zuwa ƙasa, kuma rabin maki yana iya fitar da yaro. Malaminta ya yi wata uku yana gaya mata maddinta yana gajarta in numfashi ya kusa ƙare mata, ita kuma tana cewa ta ja. Ba gardama take yi ba, da gaske ba ta ji. Na kafa mata makirfo kamar taƙi ɗaya daga bakinta, na ɗan karkatar da shi gefe don kada iskar "ba" da "fa" ta buge shi, ta karanta shafi guda. Sannan na sa mata abin sauraro. Ta runtse ido, tana bin karatun da leɓe. Da aka zo wurin sai ta buɗe ido ta kalli malam, ta ce, "Na ji shi." Ta nemi a mayar, aka mayar sau uku. Ta sake karantawa, ta yanke numfashi tun a ayar baya, maddin ya cika. Malamin bai ce komai ba, hularsa kawai ya cire ya sake sawa.

Tun daga nan makarantu uku suka sa ni a tsarinsu, duk ƙarshen zango ina zuwa in naɗi kowane ɗalibi na hadda, a ajiye, a gwada da na zangon baya. Na kuma je wata tsangaya a hanyar Giwa, inda na naɗi wani dattijon alaramma yana tilawa da ruwayar Warshu, da irin sautin nan na gardawa da muka taso muna ji da dare a bakin wuta. Yaran Islamiyya na yanzu Hafsu suke karantawa, da muryoyin da suka koya a waya. Ba na ƙin wannan, amma wancan sautin namu ne, kuma masu shi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Makaɗa kuma nasu daban ne. Ka san tun da fiyano ta shigo sitidiyo, kalangu ya koma maɓalli. Yaro ya danna, ta yi wani abu mai kama da shi, a ɗora waƙa. Amma kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyin a hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka kamar yadda harshenmu yake hawa da sauka, har mahauci ya ji an kira sunan kakansa. Maɓalli ba ya yin wannan. Na naɗi wata ƙungiyar masu kalangu a ƙofar gidan ubangidansu, su bakwai: manyan kalangai biyu, ɗan karɓi, kuntuku, da 'yan amshi. Da farko na so in tsayar da kowa a gaban makirfonsa. Shugabansu ya dube ni ya ce, "Yaro, kalangu ba ya kiɗuwa a tsaye wuri ɗaya." Gaskiya ya faɗa. Sai na ja makirfo biyu baya na ɗaga su sama suka ɗauki taron gaba ɗaya, na ba mai waƙa ɗaya a hannu, na rage ƙarfin shigar sauti sosai, don bugun makaɗi in ya zo da zafi yana fasa naɗi, kuma abin da ya fashe ba ya ɗinkuwa. A cikin naɗin ana jin guɗar wata tsohuwa daga cikin gida, da wani yaro da ya yi dariya. Na tambaye su ko in cire, suka ce in na cire sun fasa.

Sauran aikin ƙanana ne amma suna rufa asiri: muhawarar 'yan sakandare, 'yan fareti masu ganga da begila, mawaƙan zumuntar mata a wani coci a Wusasa, da ɗaliban jami'a masu rubuta kundin kammala karatu a kan tatsuniya ko waƙoƙin daka, waɗanda sukan ɗauke ni mu tafi ƙauye tare.

Ba duka ne daɗi ba. Abin da na fi ji shi ne, "Ai waya ma tana yi." Tana yi, ban musa ba, in mutum ɗaya ne a ɗaki shiru. Amma waya ita take yanke wa kanta hukunci, ta ɗaga ƙaramin sauti ta danne babba, kuma in aka tura a WhatsApp a matsayin saƙon murya sai a ƙara matse shi. Ni kuwa awa ɗaya ta makirfo biyu kacal tana cin kusan gigabait 1, don ba na yarda a zubar da komai tun a wurin ɗauka. Akwai kuma makarantar da na yi wa aikin kwana biyu tun kafin azumi, har yau ana ce mini shugaba ya yi tafiya.

Wanda ya fi ƙona mini rai kuwa, walimar saukar ɗalibai talatin da ɗaya. Na sayi sabon katin memori a kasuwa ana gobe, an rubuta gigabait 64 a jikinsa. Rikoda ta nuna tana ɗauka tun safe har azahar. Na dawo gida na sa a kwamfuta, sunayen fayil suna nan, ciki babu komai sai na rabin awar farko. Katin jabu ne. Sauka ba a maimaita ta. Na je da ƙafata na gaya wa shugaban makarantar, na mai da kuɗinsu, ya ce Allah ya ƙaddara, amma akwai uwar da ta tambaye ni sau biyu ko ba yadda za a yi, ɗanta ne na fari. Tun ranar ba na fita sai da na'ura biyu suna ɗauka tare, kuma duk katin da na saya sai na cika shi taf na gwada kafin ya bi ni aiki.

Wata ƙa'idar da na ɗora wa kaina: muryar yaro ba ta hawa intanet sai iyaye sun yarda, musamman 'yan mata. Makaɗa kuma muna rubuta takarda, kiɗansu nasu ne, ni ladan aikina kawai nake karɓa. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kuma muna jin su har gobe saboda wani ya kafa musu makirfo, a Rediyon Kaduna ko a kamfanonin faifai. To su sun yi suna, an neme su. Na unguwa fa, wa zai neme shi?

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so in roƙe ka. Ranar Juma'a na biya gida na gaida Inna. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, tana rera wata waƙar reno a hankali, irin wadda take yi wa ƙannenka muna yara. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba sai da ta kai ƙarshe. Ka ce mini ƙaramarka ba ta jin Hausa sai "sannu" da "na gode". Ina so ka ba ni izini, ka kuma yi mata magana da kanka don ni za ta ji nauyina, in riƙa zuwa duk Lahadi da yamma in zauna da ita awa ɗaya. Tatsuniyoyi, waƙoƙin niƙa, sunayen dangi da yadda aka taso daga Ƙaura aka koma Tudun Wada, duk abin da ta ga dama. Ba zan kafa mata ƙarafa ba, ƙaramin makirfo zan maƙala a bakin mayafinta, in jikoki sun zagaye ta za ta manta da shi. Ba maganar kuɗi tsakaninmu. Ni ban samu yin haka da Baba ba, kuma yanzu in na so in tuna yadda yake jan suratu Yasin da asuba, sai in ji muryata nake ji ba tasa ba.

In Allah ya kawo ka da babbar salla kamar yadda ka ce, ka taho mini da katin memori na gaske guda huɗu daga shago mai rasit, da rigar makirfo mai gashi guda biyu, ta tare iska, don hunturun nan sosan da nake da shi ba ya iya masa. Ka faɗi kuɗin in ba ƙaninka a nan.

Maiɗakina tana gaida taka. Ka shafa mini kan yara. Ina jiran amsarka a kan maganar Inna, in so samu ne kafin Lahadi mai zuwa.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Tudun Wada.