Wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da murhun jin ɗumi

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na fito da maganar nan bainar jama'a ne saboda sau uku ina kiran lambar da ke jikin rasit ɗina, kullum amsar ɗaya ce, wai za a turo yaro. Har yau yaron bai iso Gusau ba.

A farkon Disamba, da hunturu ya kankama, na sayi murhunku na itace mai bututun hayaƙi domin ɗakin mahaifiyata a Tudun Wada. Tsohuwa ce, sanyin asuba har ƙashi yake shigar mata, ni kuma hankalina ba ya kwanciya da kaskon garwashin da take kwana da shi a gefen gado. Wakilinku ya tabbatar mini hayaƙi ko kaɗan ba zai tsaya a ɗaki ba. Yaranku suka huda bango, suka harhaɗa bututu gaɓa uku, suka karɓi kuɗin aiki suka tafi.

Ba a yi mako uku ba kunkunniya ta rufe silin. Gidan sauronta fari ya koma ruwan toka, hijabin sallarta da ke rataye a ƙusa in ka shafa sai tafin hannunka ya yi baƙi. Ko majina ta fyace, baƙa ce. Da na taka kujera na duba, sai na ga mahaɗar bututu ta biyu ba a liƙe ta ba, ɗan yatsana yana shiga. Daga nan wani abu mai danƙo kamar kwalta yake ɗigowa bango. Mai waldan unguwarmu ya ce ɗanyen itace ke tara shi, kuma in ya yi kauri a cikin bututu, shi kansa yana kamawa da wuta.

Duk wannan da sauƙi. Wata asuba Inna ba ta fito alwala ba. Muka tura ƙofa muka same ta ita da jikarta 'yar shekara 6, ga ciwon kai, ga jiri, yarinyar tana ta amai. Mun ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. A asibiti likita ya tambaye mu ko sun kwana da wuta a rufaffen ɗaki. Ya ce iskar kabon monoksaid ce, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana riƙe ta fiye da iskar da muke shaƙa sama da sau 200, shi ya sa mutum ke wucewa cikin barci bai sani ba. Allah ne ya sa da sauran kwanansu.

Malam Manaja, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Wanda sana'arsa ƙera murhu ce bai kamata a ce bai san haka ba. Amma takardar da kuka saka a kwali Turanci ce zalla, rabinta hoton murhun ne. Babu wanda ya ce mana a bar taga a ɗan buɗe, ko a yi amfani da busasshen itace kawai, ko a riƙa share bututu, ko kada a toshe ƙofar iskar murhu a kwanta barci. Mu da muke toshe kowace kafa da tsumma saboda ƙurar hunturu, mu ne muka fi kowa buƙatar wannan gargaɗi, kuma da Hausa.

Ku zo ku ɗauke murhunku, ku mayar mini da kuɗina da na asibiti. Abin da ya fi damuna shi ne sauran gidajen da yaran nan suka yi wa aiki, don a layinmu kaɗai na san gida biyu. Ku bi su ku duba mahaɗar bututunsu tun sanyin bai wuce ba. In mako biyu ya cika ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit da hotuna hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Wassalam,
Wani magidanci, Tudun Wada, Gusau