A Dawo Da Ƙaramin Harsashi Wajen Koyar Da Kurata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk ranar da na karanta cewa bindigar wani jami'in tsaro ta tashi bisa kuskure, ko an auna ɓarawo harsashi ya sami mai tallan gyaɗa, sai hankalina ya koma filin harbin da na yi shekaru ina koyar da kurata kafin in yi ritaya. Yawancin yaran nan ba mugaye ba ne. Tsoron bindigar da ke hannunsu suke yi, don ba a ba su harsashin da zai ishe su su saba da ita ba.

Akwai shekarar da aka kawo mana wani rukuni, aka ce harsashi goma ne rabon kowa, wai kuɗi sun yi ƙaranci. Cikinsu akwai wani siririn yaro mai ladabi. Tun kafin ya ja kunama ya riga ya runtse ido, kafaɗarsa ta noƙe tana jiran duka, bakin bindiga ya duƙa ƙasa. Harsashi goma ba ya raba mutum da wannan ɗabi'a. Haka ya gama, aka ba shi kaki da bindiga, aka tura shi shingen hanya. Har yau yaron nan yana faɗo mini a rai.

Abin takaicin shi ne maganin yana jingine a ma'ajiyar makamanmu, ƙura ta rufe shi. Tsofaffin bindigogi ne ƙirar Lee-Enfield guda biyu, dangin wadda muke kira Mak Fo. A ido da nauyi ba ka bambanta su da sauran, sai ka leƙa bututun ka ga ramin ɗan tsurut. Wani tsohon sajan ne ya warware mini, ya ce ai waɗannan an mayar da su masu cin ƙaramin harsashi, wato .22, don koyo.

Ga yadda abin yake. Harsashin yaƙi, irin .303 na Enfield ko 7.62 na AK-47, sinadarin da ke kunna albarushinsa yana daidai tsakiyar gindin kwanso, nan ƙarfen bugu yake duka. Shi kuwa .22, samfurin da ake kira .22 LR wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887, sinadarin yana cikin leɓen gindin ne, zagaye. Dole kwansonsa ya zama marar kauri don bugu ya iya murƙushe leɓen, kwanso marar kauri kuma ba ya ɗaukar albarushi mai yawa. Shi ya sa dalmarsa ba ta kai giram 3 ba, alhali ta .303 ta haura giram 11. Ba ya naushin kafaɗa, ba ya toshe kunne, ga araha.

Ingila ta koyi wannan darasi ne bayan ta ji jiki. A Yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, manoman Bowa da suka tashi da bindiga tun suna yara sun fi sojojinta saiti nesa ba kusa ba. Lord Roberts, wanda ya jagoranci sojojin a can, ya dawo gida ya dage a kafa ƙungiyoyin koyon harbi da ƙaramin harsashi. Maimakon a sayi sababbi, sai maƙeran bindiga na Birmingham suka riƙa mayar da tsofaffin Martini-Henry, daga baya har da Enfield, zuwa .22. Kamfanin Parker ya yi suna wajen zura siririn bututu cikin tsohon da ya riga ya cinye, a kuma sauya ƙarfen bugun ya koma dukan leɓe. Wata dabararsu da ke burge ni: gidan harsashin a kan bar shi fayau, don kwanson da aka harba ya faɗa ciki, ba sai an bi ƙasa ana tsinta ba.

Hikimar ita ce kurtu yana riƙe da nauyin bindigar da zai fita aiki da ita, ƙotarta da kunamarta duk iri ɗaya, sai dai ba ta dukansa. A fili mai yadi 25 zai koyi kwanciya da riƙe numfashi da jan kunama a hankali, ya harba ɗari bayan ɗari. Ranar da aka miƙa masa babban harsashi, hannu ya riga ya san hanya. Ba Ingila kaɗai ba. Jamus ta Gabas ma ta ƙera wata mai kama da AK, KK-MPi 69, mai cin .22, don koyar da matasanta, kuma AK ce a hannun yawancin jami'anmu yau.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ba ina cewa maƙerin unguwa ya gwada ba ne. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da lasisi ba, kuma bututun da bai zauna daidai ba fuskar mai harbin zai fara ci. Haka kuma .22 ba abin wasa ba ne; yana kisa, yana kuma iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ban kuma ce ya maye gurbin babban harsashi ba, domin iska da nisa sai a babban fili ake koyonsu.

Kirana ga shugabannin soja da 'yan sanda da sauran masu ɗamara shi ne su duba wannan hanya. Muna da DICON a Kaduna tun 1964, aikinta ke nan ƙera makamai. A ba ta aikin samar da bindigogin koyo na .22, a gina ƙaramin filin harbi mai katanga a kowace makarantar horo, a sa kurtu ya shiga duk mako har ya daina runtse ido, sannan a sa hannu a takardar kammalawarsa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin harbi mai ritaya,
Zariya