Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Sa Ido kan Yanayi

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin gabatar muku da abin da ƙungiyarmu ta yi a shekarar da ta ƙare. Zan taƙaita a wasu wuraren, amma zan daɗe a kan batun da ya fi cin lokacinmu, wato bayanin hasashen zafi da ruwan sama na farkon lokacin zafi.

Aikin yau da gobe bai tsaya ba. Masu riƙe da ma'aunin ruwan sama sun ci gaba da duba shi kowace safiya a lokaci guda, suna rubuta milimita nawa ya taru, ranar da ba a yi ruwa ba kuma su rubuta sifili. Wasu na raina wannan sifilin, alhali darajarsa ɗaya da ta ranar mamako, domin gurbin da aka bari fayau ba ya gaya mana ko ruwa ne bai sauka ba ko mai dubawa ne ya yi tafiya. Ga sababbin membobi, milimita 1 na nufin lita 1 ta ruwa a kan kowace murabba'in mita.

Zagayen duba kayan aiki ya fito mana da gyare-gyare. Wani ma'aunin mun tarar da shi a gindin bishiyar da ta girma bayan an kafa shi, rassa sun tare ruwa, busassun ganye sun toshe mazurarin. Mun matsar da shi fili, nesa da bishiyar da aƙalla ninki biyu na tsayinta. Wani ma'aunin zafin kuma a jikin bango aka rataye shi, inda ranar yamma ke dukansa, sai ya zama zafin bangon yake aunawa maimakon na iska. Yanzu yana cikin farin akwati mai ƙofofin iska, tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, yadda ƙa'ida ta tanada.

Sai batun hasashe. A taron da muka yi gabanin shigowar zafi, mun lura cewa mutane da yawa, har da wasu tsofaffin membobi, suna ɗaukar hasashen watanni uku tamkar alkawari. Ba haka yake ba, kuma wannan fahimtar ce ke sa a zagi masana ranar da abin ya saɓa. Idan aka ce "yadda aka saba", ana nufin matsakaicin shekaru 30, kuma wanda Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ke aiki da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020. Ana kasa waɗannan shekarun gida uku: masu ƙarancin ruwa, na tsakiya, da masu yawa. Ba tare da wani bayani ba, kowane gida na da kusan kashi 33 cikin ɗari. To idan hasashe ya ba ruwa mai yawa kashi 50, ya karkata can ne kawai, sauran kashi 50 ɗin na nan daram.

Abin da ya fi jan hankalin mahalarta shi ne jin cewa ita kanta ma'aunar, wato matsakaicin da ake kwatantawa da shi, ta motsa. Matsakaicin 1991 zuwa 2020 ya fi na 1961 zuwa 1990 zafi a galibin duniya, don haka zafin da ake kira daidai a yau ya wuce wanda iyayenmu suka sani. Hukumar ta tabbatar da cewa a 2024 zafin duniya ya haura na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.55.

Mun kuma bayyana dalilin da ya sa hasashen zafi ya fi na ruwa cika. Zafi yana lulluɓe yanki mai faɗi lokaci guda. Ruwan farkon lokacin zafi kuwa yawanci hadari ne mai tsawa, ya zuba a nan, ya tsallake can, ma'aunai biyu da ba su da nisa su ba da labari daban. Abin da masana ke dogara da shi wajen hangen watanni shi ne zafin saman teku, saboda yana canzawa a hankali. El Nino, wato ɗumamar saman tekun Pasifik fiye da yadda aka saba, kamar wanda ya fara a 2023 ya lafa a 2024, yana juya ruwan sama a nahiyoyi masu nisa. Sai dai hasashensa da ake yi tsakanin Maris da Mayu shi ne mafi rauni a shekara, kuma daidai lokacin ake shirya hasashen farkon zafi a arewacin duniya.

Abubuwa biyu muka ƙara a takardar rubutu, kuma a ganina su ne mafi amfanin abin da muka yi bana. Na farko, adadin kwanakin ruwa da mafi tsawon ratar da ba a samu ba. Iska na ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari a kowane ƙarin digiri 1, abin da ke sa ruwa ya iya sauka da yawa a lokaci guda, saboda haka jimillar ruwan wata za ta iya fitowa daidai alhali a kwanaki kaɗan ta zuba, ta gudu, ta bar ƙasa a bushe. Busasshiyar ƙasa kuma tana ƙara zafi, tunda ƙarfin ranar da zai tafi wajen busar da laima sai ya koma dumama iska. Na biyu, mafi ƙarancin zafin dare. Dare mai zafi yana hana jiki hutawa, kuma tsofaffi da jarirai da marasa lafiya ne ke shan wuyarsa.

Kwafar tsofaffin littattafan rubutu zuwa kwamfuta ta yi nisa amma ba ta ƙare ba, kuma muna neman ƙarin hannu. Ma'aji zai gabatar da bayanin kuɗi daban.

A shekara mai zuwa muna son kafa ma'aunai a wuraren da har yanzu ba mu da kowa, mu kuma riƙa zama bayan lokacin ya wuce domin kwatanta hasashe da abin da muka auna. Duk wanda littafinsa na bana bai iso ba, don Allah ya miƙa shi ga sakatariya kafin taro na gaba.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Gudanarwa