Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Minista mai kula da ilimi na ƙasa, Yamai

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Tawa, kuma kokena bai shafi sayo kwamfuta ba, ko da yake ba za mu ƙi ta ba idan ta zo. Ya shafi koya wa yara bayyana matakan warware matsala ne.

Akwai wata ɗaliba a ajina da ke taya mahaifiyarta sayar da albasar Galmi. Idan mai saye ya ce faran 350, kafin ya rufe baki ta ce dala saba'in, ta cire kuɗin daga jaka guda, ta ƙirga masa canjinsa daidai. Amma ranar da na ce ta rubuta a allo matakan da ta bi, ɗaya bayan ɗaya, yadda ƙanenta zai iya bin su ba tare da ya tambaye ta ba, sai ta tsaya riƙe da alli. Ta iya aikin sarai. Bayyana hanyar ce ba a taɓa neman ta da shi ba.

Wannan shi ne tunanin warware matsala mataki-mataki (computational thinking) da masaniyar kimiyyar kwamfuta Jeannette Wing ta yi kira a 2006 a koya wa kowane yaro: rarraba matsala zuwa ƙananan sassa, gano abin da ke maimaituwa, tsara matakai, sannan binciko inda kuskure ya shiga. Ba baƙon abu ba ne ga lissafi, domin kalmar algoritim ma, wato jerin matakan warware matsala, daga sunan Al-Khawarizmi ta fito, malamin Bagadaza na ƙarni na 9. Ingila ta shigar da wannan tunanin manhajarta a 2014.

Roƙona shi ne a fara daga makarantun horar da malamai, domin malamin da aka yaye da hadda, hadda zai shayar. A darasin kimiyya, yara su riƙa auna ruwan sama duk damina, su jera alƙaluman, su kwatanta makonni da kansu. Gwangwani da abin awo sun isa.

Sai jarrabawar BEPC, ta kammala zangon farko na sakandare. Muddin amsar ƙarshe ce ta fi jan maki, mu malamai za mu ci gaba da cusa ƙa'idoji a kai, ni ma ban tsira ba. A sa tambaya ko guda ɗaya da za a ba ɗalibi lissafi mai kuskure, a ce ya nuna matakin da ya karkace, ya gyara shi.

Na gode da sauraro.

Wani malamin lissafi, Tawa